Yadda Ake Tara Hawainiya, Iguwana da Sauran Ƙadangarun Roba a Katsina

Duk wanda ya tashi a birnin Katsina ya san ƙadangare tun kafin ya san baƙi da wasali, domin shi ne ke kwance a kan katangar makarantar allo da hantsi yana gyaɗa kai, kuma shi ne yara ke bi da danƙo a lungu. Mun san jan gwada da kulɓa da tsaka, mun san damo da guza, mun kuma san hawainiya, wadda tsoronta ya fi cutarwarta yawa, tunda ba ta da dafi. Akwai kamfanoni a Jamus da Faransa da Amurka da Japan da ke sassaƙa waɗannan halittu da danginsu a roba, su yi musu fenti da hannu, har mutum ya tsaya yana jiran abin ya motsa, kuma akwai masu tara su kamar yadda wasu ke tara kan sarki ko tsofaffin kuɗi. Wannan jagora ta wanda yake son fara irin wannan tari ce a Katsina ko Daura, inda kayan ba su da yawa a kasuwa, zafi da ƙura kuma ba sa raga wa roba.

Mataki na farko: warware maganar addini da ta mutanen gida

Ba zai yiwu a yi wannan magana a ƙasar Hausa a tsallake hukuncin siffar abu mai rai ba. Malamai da yawa, har da na mazhabar Malikiyya da muke bi, sun hana ajiye cikakkiyar siffar mai rai wadda take da jiki da inuwa, amma sun yi togaciya a kan kayan wasan yara, suna kafa hujja da abin da Buhari da Muslim suka ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kuma ruwayar Abu Dawuda mai ambaton doki mai fikafikai a cikin kayan wasanta. Iyakar wannan togaciya, da ko ta haɗa da kayan koyarwa a hannun babba, abu ne da ya kamata mutum ya zauna da malamin da ya amince da shi ya tambaya kafin ya kashe ko sisi. Ni dai nawa kayan koyar da yara ne, suna fitowa idan za a yi darasi, su koma cikin kabad idan an gama, kuma ba na ajiye su a ɗakin da ake salla.

Mutanen gida ma suna da hakki. Ranar da na manta hawainiyar roba a kan tabarmar tsakar gida, Goggo ta fito da buta za ta yi alwala, ta yi salati ta ja da baya, ta ce: "Kai ɗan nan, in ba so kake zuciyata ta buga ba, ɗauke min wannan abu." Tun daga ranar na daina barin su a fili, tsaka kuwa ban taɓa shigo da siffarta gidan ba, domin na san ba za a kwashe lafiya ba.

Mataki na biyu: yanke iyakar abin da za a tara

Wanda ya ce zai sayi duk ƙadangaren roba da ya gani, cikin wata uku zai cika buhu da tarkace. Gara mutum ya zaɓi fanni ɗaya ya tsaya a kai. Wani yakan tara hawainiya zalla, kuma wannan fage ne mai faɗi, tunda nau'inta ya haura 200, kusan rabinsu a tsibirin Madagaska. Wani yakan bi dangin da masana suka haɗa wuri guda, wato iguwana (wani babban ƙadangare na nahiyar Amurka) da hawainiya da ƙadangaru irin jan gwada, domin reshe ɗaya ne, har ma jan gwadan katangarmu ya fi kusanci da hawainiya fiye da yadda ya kusanci iguwana. Wani kuma yakan bi kamfani ɗaya, ko girma ɗaya. Shawarata ga mai farawa ita ce nau'i ɗaya, siffa ɗaya: idan ya sami koriyar iguwana mai kyau, kada ya sake sayen wata sai in ta fi ta farko nesa ba kusa ba.

Mataki na uku: sanin dabbar kafin sayen siffarta

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ake bambanta mai tari da mai kwasa. Kama da wane ba ta wane, kuma yawancin ƙadangarun roba masu araha jiki ɗaya ne aka zuba, aka shafa wa wannan kore aka kira shi iguwana, aka shafa wa wancan ja aka kira shi hawainiya.

A hawainiya, ƙafa ake fara dubawa. Yatsunta biyar ne a kowace ƙafa, amma a haɗe suke gida biyu kamar awartaki, don ta riƙe reshe: a ƙafar gaba uku ne ta ciki, biyu ta waje, a ƙafar baya kuma biyu ta ciki, uku ta waje. Duk siffar da aka yi wa yatsu a warwatse irin na ƙadangaren gida, mai sassaƙarta bai taɓa kallon hawainiya ba. Sai ido, wanda ya kamata ya turo waje kamar ɗan ƙoƙo, fata ta rufe shi duka sai wata 'yar ƙofa a tsakiya. Gwanayen masu sassaƙa sukan sa ido ɗaya ya dubi gaba ɗaya ya dubi baya, domin haka take yi a raye. Jiki ya zama a matse ta gefe kamar ganye, wutsiya ta naɗe ta ƙasa ba ta sama ba, kuma kada a ga ramin kunne a gefen kai, don hawainiya ba ta da shi. Daga nan sai a gane nau'i. Mai dogon kwalkwali a ka ta Yaman ce da kudancin Saudiyya. Mai ƙaho uku ta Kenya ce da Tanzaniya, kuma namiji ne ke da cikakkun ƙahonin. Mai launuka masu ɗaukar ido, ja da shuɗi da kore a jiki ɗaya, galibi ta arewacin Madagaska ce. A wannan tsibirin ne kuma aka bayyana wata 'yar mitsitsiya a 2021, Brookesia nana, wadda namijinta tsawonsa duka bai wuce milimita 22 ba.

Game da launi kuwa, kada a ƙi siffa don an ce ba ta dace da reshen da take kai ba. Hawainiya takan sauya launi ne saboda zafi da sanyi, da fushi, da neman aure ko tsoratar da kishiya, ba wai tana kwafar duk rigar da ta gani ba kamar yadda aka gaya mana muna yara.

Iguwana ba dabbar Afirka ba ce, shi ya sa ba mu da sunanta na gado. Koriyar, wadda ita ce sananniya, tana zaune daga Meziko har zuwa Barazil, ganye take ci, kuma babba takan kai mita ɗaya da rabi ko fiye, kusan kashi biyu cikin uku na tsawon wutsiya ce. Alamominta huɗu ne: fata mai reto a ƙarƙashin haɓa, jerin ƙayoyi daga ƙeya zuwa wutsiya, zobba masu duhu a wutsiyar, da wani babban ɓawo zagayayye a kumatu, ƙasa da kunne. Wannan ɓawon shi ne abin da nake fara nema da ido, domin masu aikin ganin dama ba sa tunawa da shi. Iguwanar teku dabam take: a tsibiran Galafagos na ƙasar Ekwado kaɗai ake samunta, baƙa ce, bakinta a dakushe, wutsiyarta a shafe ta gefe saboda iyo, kuma gansakukar teku take ci. Idan aka ba ka ita koriya shar da dogon baki, an sayar maka da wata dabba ce da sunanta.

Damo da guza da babban ɗan'uwansu na tsibirin Komodo a Indunusiya, mai kai mita 3, wani reshe ne dabam. Dogon wuya da harshe mai baki biyu su ne shaidarsu.

Mataki na huɗu: karanta cikin dabbar

A juya kowace siffa a duba cikinta, domin kamfanonin kirki a nan suke buga sunansu. Schleich na Jamus, wanda aka kafa a 1935, kayansa ƙanana ne masu nauyi da ƙwari, sun dace da hannun yara. Papo na Faransa ya yi suna wajen fitar da zanen fata. Safari Ltd na Amurka, wanda ya fara a 1982, yana da jerin manyan siffofi da suka haɗa da iguwana da hawainiyar Yaman, kuma yakan rubuta sunan dabbar a cikinta, abin da ke sauƙaƙa wa mai koyarwa. Akwai CollectA da Mojo da Bullyland. A Japan kuma akwai Kaiyodo, wanda ya faro a 1964, da Bandai, masu yin ƙananan siffofi da ake sayarwa cikin ƙwallon roba daga injin da ake jefa wa kuɗi. Aikinsu ya fi na kowa tsantseni, amma ba sa jure hannun yaro.

Abu biyu ke rikita masu farawa. Shekarar da aka buga a ciki galibi ta lokacin da aka sassaƙa samfurin ce, ba ranar da aka zuba wanda ke hannunka ba, don haka ganin tsohuwar shekara ba ya nufin ka sami tsohon kaya. Sannan ganin an rubuta cewa a Sin aka yi ba shaidar jabu ba ce, tunda manyan kamfanonin ma a can suke yin da yawa daga kayansu. Jabu ana gane shi ne da rashin nauyi, da layin haɗi mai kaifi a gadon baya, da fentin da ya malala ya shiga ido, da gurbin suna da aka goge, da kuma warin roba mai hawa kai.

Mataki na biyar: inda ake samu

Shagunan kayan wasa na babbar kasuwar Katsina sun fi kawo masu araha da ake ɗaurewa goma ko sha biyu a leda. Ba laifi a saye su don gwajin fenti, amma araha ba ta ado. Kayan kirki sun fi fitowa daga gwanjo, a cikin buhunan kayan wasan yara da ake kawowa daga Turai, kuma wanda ke zuwa Kano zai fi dacewa a wajen 'yan gwanjon can. Dabarar ita ce ƙulla zumunci da mai buɗe dila. Na daɗe ina tsugunawa gaban wani dattijo da ke baza kaya a kan buhu, ina tona tsakanin motoci marasa taya da 'yan tsana marasa hannu, har wata rana ya ce: "Malam, wai kai ƙadangarun nan me kake yi da su?" Da na ce darasi nake yi wa yara, sai ya yi dariya ya ce daga yau zai riƙa ware min su a leda. Iguwanata mafi kyau daga ledar nan ta fito, da ɗan ƙujewa a hanci. A yi ciniki da mutunci, kada kuma a nuna zumuɗi, amma idan mai kaya ya yi maka irin wannan karamci, kada ka matse shi a farashi.

Saye ta intanet, a eBay ko AliExpress da makamantansu, yana buɗe ƙofar abin da ba zai taɓa zuwa gwanjo ba, sai dai kuɗin aikowa yakan fi kuɗin kayan, ga canjin dala, ga jira irin na tafiyar hawainiya. A nemi mai sayarwa ya turo hoton ainihin kayan, har da cikinsa, ba hoton talla ba, a kuma karanta tsawon da aka rubuta da santimita, domin hoto ba ya nuna girma. Na taɓa jiran wata hawainiya mako bakwai ina zaton za ta cika tafin hannu, da ta iso ba ta kai ɗan yatsana ba, kuma laifina ne, ban karanta awon ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a haɗa saye da yawa a aiko lokaci ɗaya, ko a roƙi ɗan'uwa mai dawowa daga waje ya sako su a jaka.

Mataki na shida: wanki da gyara

Duk abin da ya fito daga gwanjo a wanke shi kafin ya shiga cikin sauran. Ruwa mai ɗumi, sabulun wanke kwanuka kaɗan, da tsohon buroshin goge baki mai laushi sun isa. A bi tsakanin ƙayoyi da yatsu a hankali, a ɗauraye, a shanya a inuwa a kan tawul. Fetur da kananzir da tina (ruwan tsinka fenti) da ruwan goge farce duk suna cinye fenti, wasu har su narka robar, don haka kada su kusanci kayan.

Wutsiya ko ƙafa da ta lanƙwashe tana miƙewa idan aka tsoma wurin a ruwan zafi na kamar minti ɗaya har ya yi laushi, aka daidaita shi da hannu, sannan aka tsoma shi nan take a ruwan sanyi ana riƙe da shi. Wani lokaci sai an maimaita sau biyu ko uku. Abin da ya karye kuwa ɗigon gam mai kamawa nan take ya ishe shi, a ɗora da tsinken sakace, domin idan ya yi yawa yakan bar farin tabo. Tsohuwar siffa da ta fara danƙo a hannu, man da ke sa roba laushi ne yake tsattsafowa. Wanki yana rage shi na ɗan lokaci, amma irin wannan a ware ta, kuma kada a ba ƙaramin yaro, haka ma duk wadda ba a san kamfaninta ba ko mai ƙananan sassa da za a iya haɗiyewa, musamman ga wanda bai kai shekara 3 ba.

Mataki na bakwai: ajiya a garin zafi da ƙura

A watannin Afrilu da Mayu zafin Katsina yakan haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano ba silin kuwa ya fi haka, cikin mota da aka rufe a rana kuma ba a magana. Na bar wata iguwana a gaban mota na shiga sallar azahar na ɗan tsaya hira, kafin in dawo ƙafafunta sun baje, ba ta sake tsayawa daidai ba duk da ruwan zafi da na sanyi. Rana kuma tana kashe launi, kore ya koma fari-fari, ja ya dushe, don haka wurin ajiya ya yi nesa da taga, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan.

Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba. Kanta a buɗe ba ta da amfani daga Disamba zuwa Fabrairu, domin ƙurar takan shiga kowane zanen fata, a yi ta gogewa har fenti ya soma tashi. A sa kafinta ya yi kabad mai ƙofar gilashi wadda ke rufuwa ruf, a liƙa siririn soso a bakin ƙofar, a riƙa kakkaɓe kayan da buroshi mai laushi irin na kwalliya maimakon tsumma. Waɗanda za a adana a akwati a naɗe kowanne shi kaɗai da farar takarda mai laushi ko tsohon farin yadi, domin idan suka manne wa juna a cikin zafi fentin wani yakan hau kan wani. Kada a kwantar da su a kan farin soso mai ƙwaya-ƙwaya da ake tallafe talabijin da shi a kwali, saboda man robar yana narkar da shi ya manne. Akwatin roba mai murfi ya fi kwali, tunda gara da ɓera ba sa barin kwali idan damina ta sauka.

Wanda ke son ƙawata kabad yana iya shimfiɗa yashi da tsakuwa, ya kafa busasshen reshen kalgo ko na magarya don hawainiya ta hau, amma ya fara shanya reshen a rana kwanaki ya kankare ɓawonsa, don kada ya shigo da ƙwari.

Mataki na takwas: littafin tari da lissafin girma

Kowace siffa ta sami layinta a littafi: sunan dabbar, kamfani, shekarar da ke cikinta, inda aka saya da ranar, kuɗin da aka biya, da duk wani lahani. Sunan kimiyya yana da amfani a nan, domin da shi ake samun hoton dabbar na gaskiya a intanet don kwatantawa. Lissafin girma kuma ba wuya: a kwantar da zare daga hanci zuwa ƙarshen wutsiya ana bin lanƙwasarta, a auna zaren, a raba tsawon dabbar mai rai da abin da aka samu. Iguwana mai santimita 150 da aka yi wa siffa mai santimita 15 ta zama ɗaya bisa goma ke nan. Amfanin wannan yana fitowa wajen jerawa, don kada hawainiya ta fi dodon Komodo girma a kanta ɗaya yara su ɗauka haka abin yake.

Mataki na tara: cike gurbin namu na gida

Bayan an tara na Madagaska da na Galafagos, sai a lura cewa na ƙofar gida ne ke da wuyar samu. Jan gwada, wanda masana ke kira Agama agama, da hawainiyar yankinmu, Chamaeleo africanus, da damo, ba kasafai manyan kamfanoni ke yin su ba. A nan ne ledar nan ta masu araha za ta yi rana. A zaɓi ƙadangare mai ɗan faɗin kai da dogayen ƙafafu, a wanke shi da sabulu, a shafa masa farin fenti a matsayin shimfiɗa, a bar shi ya bushe kwana guda. Fentin da ake sirkawa da ruwa, irin na masu zane da ake kira akirilik, shi ne ya dace. Fentin mai ba ya bushewa da kyau a kan roba mai laushi, yakan zauna da danƙo har abada.

Kafin a taɓa buroshi, a ɗauki kujera a zauna gefen katanga da hantsi a kalli namijin da kyau. Kansa ba ja wur ba ne kamar yadda sunan ke nunawa, ya fi karkata ga ruwan lemo, launin kuma yana gangarowa wuya ya narke cikin shuɗi mai duhu na jiki. Wutsiya takan faro da haske, ta yi ruwan lemo a tsakiya, ta ƙare da baƙi. Macen ruwan ƙasa ce, da 'yan tabo masu haske a ka da ratsin ruwan lemo a haƙarƙari. A shafa fenti siriri sau uku maimakon mai kauri sau ɗaya, don kada zanen fata ya toshe, a bar ido sai ƙarshe, a ɗiga shi da bakin allura. Hawainiyar gida kuwa ta fi sauƙi a gina ta da laka, kamar yadda muka gina shanu da raƙuma a bakin kududdufi muna yara: a lanƙwasa waya a yi ƙashin baya da ƙafafu da naɗin wutsiya, a lulluɓe da yumɓu da aka tace, a danna guntun gidan sauro a jikin tun yana ɗanye don ya bar zanen fata, sannan a shanya a inuwa kwana huɗu ko biyar, domin idan rana ta buge shi farat ɗaya zai tsattsage ta wajen gwiwoyi.